DSSSL ya mutu babu jana'iza, yanzu kuma XSLT ake auna wa likkafani

1/
Yau zaren mai tsawo ne, kuma da haushi nake rubuta shi, sai ku yi min uzuri. Google ta sanar za ta cire XSLT daga burauzar Chrome a watan Nuwamban 2026. Masu Firefox da masu Safari ma sun nuna ba su da ja. Na san wasu za su ce "to mu ina ruwanmu?" Ku dai biyo ni. 🧵

2/
Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai shi ne ba yau aka fara ba. XSLT yana da uba, sunansa DSSSL. Da yawanku ko sunan ba ku taɓa ji ba, alhali an buga dubban shafukan littattafan kwamfuta da shi. Yadda aka bar uban ya lalace, haka ake shirin yi wa ɗan.

3/
Bari in fara da mene ne abin, saboda waɗanda ba 'yan harkar ba. Ka ɗauka ka rubuta littafi. Akwai abin da ke ciki: wannan babi ne, wannan kanu ne, wannan sakin layi ne. Akwai kuma kamanninsa: girman harafi, faɗin gefe, inda lambar shafi za ta zauna. Yawancinmu a cakuɗe muke yin su a Word.

4/
Tun 1986 aka fito da SGML, ƙa'idar ISO 8879, wadda ta ce a raba biyun. Ka yi wa rubutu alama gwargwadon ma'anarsa kawai, kamanni kuma ka ajiye a wani fayil daban. Rubutu shi ne mutum, fayil ɗin fasali shi ne tufafi. Yau ya sa kaftani, gobe kwat, mutumin dai shi ne.

5/
Harshen da aka yi don ɗinka waɗannan tufafin shi ne DSSSL. Ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 1996, lambarsa ISO/IEC 10179. An gina shi a kan Scheme, ɗaya daga dangin Lisp, harshen nan da baka-biyu ke bin juna har ido ya gaji. A shekarar ce kuma CSS na farko ya fito.

6/
Ƙa'ida a takarda ba ta aikin komai sai da manhaja. James Clark, ɗan Ingila mazaunin Tailan, shi ya rubuta Jade ya sake ta kyauta. Ka ba ta rubutunka na SGML da fayil ɗin DSSSL, ta fitar maka da RTF, ko TeX da za a mayar PDF, ko shafukan HTML. Sau ɗaya ka yi rubutu, sauran aikinta ne.

7/
Norman Walsh kuma ya rubuta fayilolin fasali na DocBook da DSSSL. Da su aka riƙa buga littafin jagora na FreeBSD, da na PostgreSQL, da tarin takardun koyon Linux. Da wuya ka samu wanda ya koyi Linux a farkon shekarun 2000 bai karanta shafin da Jade ta fitar ba, ko da bai sani ba.

8/
Sai XML ya zo a 1998, sauƙaƙaƙƙen SGML. Clark ɗin nan dai shi ne jagoran ɓangaren fasaha na kwamitin da ya tsara shi, kuma shi ne editan XSLT 1.0 da W3C ta fitar a Nuwamban 1999. An kwashe dabarun DSSSL da yawa an zuba cikin sabon harshen. Shi ya sa na ce uba da ɗa ne.

9/
Clark ya koma sabon aiki, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, ya yi mai wuyar. 'Yan sa-kai suka karɓi Jade suka raɗa mata OpenJade. Suka ja na ɗan lokaci, sai aka ji shiru. Tsayayyen bugunta na ƙarshe, 1.3.2, ya haura shekara ashirin. Fayilolin DocBook na DSSSL su ma sun tsaya a 1.79.

10/
Ku lura, babu wanda ya fito ya ce "daga yau an rufe DSSSL". Babu sanarwa, babu wa'adi. Har yau za ka sami OpenJade a ma'ajiyar wasu nau'o'in Linux, sai dai faci ne a kan faci kamar tayar tsohon keke, don kawai ta yarda ta haɗu da sababbin kayan aiki.

11/
Kuma a faɗi gaskiya, tun asali da rauni aka taso. Jade ba ta taɓa aiwatar da DSSSL gaba ɗayansa ba, wani ɓangare ta ɗauka. Ga ƙa'idar duniya guda, amma manhajar da kusan kowa ke amfani da ita ɗaya ce, ita kuma a wuyan mutane ƙalilan take. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

12/
Su wa suka tsira? Masu mutane. PostgreSQL ta bar Jade da DSSSL ta koma XSLT a bugu na 10 a 2017, sannan ta mayar da rubutun kansa daga SGML zuwa XML a bugu na 11 a 2018. FreeBSD ta yi hijira sau biyu: zuwa XML, daga baya a 2021 zuwa AsciiDoc.

13/
Waɗannan manyan ayyuka ne masu hannaye da yawa, amma duk da haka sai da suka kwashe shekaru. To ƙaramar ƙungiyar da mutum ɗaya ya tsara mata komai, ya kuma bar aiki tun tuni fa? Ita wa zai yi mata hijira?

14/
Ni na taɓa faɗawa hannun irin wannan. Wata ƙaramar ƙungiya, ba sai na kama suna ba, ta turo min tsohon littafin jagoranta a SGML, tana son gyara shafi biyu a sake bugawa. Gyaran ko minti ashirin bai ci ba. Tayar da OpenJade da JadeTeX su fitar da PDF irin na da, kwana uku na yi ina fama.

15/
Abu biyu na koya. Rubutun bai yi ko ƙwarzane ba, domin tsurar haruffa ne, kowace manhaja za ta buɗe shi. Dabarar 1986 ta yi aikinta. Abin da ya ruɓe shi ne kayan aikin, saboda babu wanda aka biya ya kula da su. Tsufa bai kashe DSSSL ba malam, sakaci ne.

16/
Yanzu mu dawo kan XSLT. Aikinsa shi ne ya ɗauki bayanai a XML ya juya su zuwa shafin da mutum zai iya karantawa. Burauzoji sun fi shekara ashirin suna yin wannan da kansu. Ka sa layi ɗaya a saman fayil ɗinka, shi ke nan, ba sai da JavaScript ba.

17/
Ina ake amfani da shi? Ka taɓa latsa adireshin RSS na wani shafi ko na fodkas ka ga abu tsaf maimakon tarkacen alamomi? Sau da yawa XSLT ne. Majalisar dokokin Amurka tana wallafa ƙudurori a XML, XSLT ke yi musu fasali. Akwai na'urorin da shafin sarrafa su da shi ya dogara.

18/
Ga inda haushina yake. XSLT bai tsaya cak ba. An fitar da 2.0 a 2007, an fitar da 3.0 a 2017, yanzu haka ana kan rubuta 4.0. Saxon ta Michael Kay tana aiwatar da 3.0, kamfanonin ɗab'i da ma'aikatu suna cin abinci da ita kullum. Burauzoji fa? Suna nan a 1.0 na 1999. Ko taku ɗaya ba su ƙara ba.

19/
Wato ka ɗaure akuya shekara ashirin da biyar ba dusa ba ruwan kirki, sannan ka tara mutane ka ce ku duba yadda ta rame, ai gara a yanka. Haba! Wa ya ramar da ita?

20/
Hujjarsu ta farko ita ce tsaro. Chrome da Safari da libxslt suke aiki, tsohuwar manhaja da aka rubuta da harshen C, kuma an sha gano ɓaraka a cikinta da ɓata-gari za su iya bi su shiga na'urar mutum. Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Duk mai cewa babu matsalar tsaro yaudarar kansa yake.

21/
Amma a tambaya: wa ke kula da libxslt ɗin? Daniel Veillard ne ya fara ta tare da 'yar uwarta libxml2. Shekaru da dama bayansa nauyin ya koma kan Nick Wellnhofer, wanda mafi yawan aikin sa-kai yake yi. Ita kuwa libxml2 tana cikin kayan Apple da Google da Microsoft, a na'urori biliyoyi.

22/
A 2025 bawan Allah ya gaji. Ya bayyana cewa ba zai ci gaba da karɓar rahoton ɓarakar tsaro a asirce da wa'adi a kansa ba, zai ɗauke shi kamar kowane kuskure, ya gyara in ya samu lokaci. Ya sauka daga kula da libxslt, a Satumba kuma ya sanar zai sauka daga libxml2.

23/
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Alphabet, uwar Google, ta samu kuɗin shiga dala biliyan 350 a 2024. Albashin injiniya biyu ko uku da za su riƙe wannan manhaja, ko su sake rubuta ta da harshe mai tsaro irin Rust, a wurinsu ko kuɗin shayi bai kai ba.

24/
Kuma ba wannan ne karon farko ba. Heartbleed a OpenSSL, 2014. Log4j, 2021. Ƙofar bayan da aka dasa a xz, 2024, bayan an matsa wa mai kula da ita shi kaɗai har ya miƙa wa baƙo makulli. Kowane karo sai a yi ta juyayi, a yi taro, a watse, a koma gidan jiya.

25/
Hujja ta biyu: wai ba a amfani da shi. Google ta ce kusan kashi 0.02 cikin ɗari na shafukan da ake buɗewa ne ke taɓa XSLT. A kunne ƙaramin abu ne. Amma lissafa, ɗaya ne cikin kowane 5,000. A burauzar da biliyoyin mutane ke buɗe shafuka da ita dare da rana, wannan ba tsiraru ba ne.

26/
Sannan irin wannan ƙidaya yawan buɗewa take aunawa, ba ta san daraja ba. Takardar dokar da mutum goma ke buɗewa a shekara za ta sha kaye a hannun bidiyon rawa. In da haka ake auna ɗakin karatu, da tuni an ƙone rabin littattafan don a samu wurin ajiye kujeru.

27/
Hujja ta uku: wai sun tanadi mafita. Akwai wani ɗan kod da mai shafi zai ƙara, wanda zai sauko da libxslt ɗin a cikin WebAssembly, ta yi aiki a killace. An kuma ba kamfanoni ɗan sassauci zuwa 2027. Madalla. To shafin da mai shi ya rasu fa? Na'urar da kamfaninta ya rufe fa? Wa zai ƙara musu?

28/
Kun ga mun dawo lamba 13. Mai ma'aikata zai gyara nasa cikin mako guda. Wanda zai kwana ciki shi ne tsohon shafin jami'a, da rumbun takardun wata hukuma, da aikin wani malami da ya yi ritaya. Su ne ba su da mai magana da yawunsu a wurin da ake yanke hukunci.

29/
Kuma mafitar da kanta ta tona asiri. In har za a iya killace libxslt ta yi aiki ba haɗari, me ya hana a sa killatacciyar a cikin burauzar kanta? Firefox ta fi shekara goma tana buɗe PDF da pdf.js, wanda da JavaScript aka rubuta shi. Hanya tana nan. An zaɓi a ɗora wa miliyoyin masu shafi aikin da kamfani ɗaya zai iya yi.

30/
Akwai kuma maganar data. Abin da ke cikin burauza kyauta yake zuwa. Abin da sai an sauko da shi, mai karatu ne ke biya da kuɗin katinsa da cajin wayarsa. Masu yanke wannan hukunci ba su san zafin a ce data ta ƙare ana tsakiyar buɗe shafi ba.

31/
Wani zai ce ai an kashe Flash a ƙarshen 2020 kuma duniya ba ta tashi ba. Flash kayan kamfani ɗaya ne, Adobe, ita ke da shi ita ta rufe. XSLT buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce ta W3C. Alkawarin da ke tsakanin intanet da masu rubutu shi ne: ka bi ƙa'ida, shafinka zai ci gaba da buɗuwa. Shi ake saɓawa yanzu.

32/
To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, mu ma masu son waɗannan kayan muna da laifi. Shekara ashirin OpenJade tana kwance, kod ɗinta a buɗe, kowa na iya ɗauka. Mu nawa muka tura gyara ko na layi ɗaya? Ni dai ban tura ba. Na gama kwana ukuna na karɓi kuɗina na kama gabana.

33/
Kuma ba ina cewa a tayar da DSSSL ba ne. Ya tafi, a bar shi ya huta. Duk wanda ya ce maka ka fara sabon aiki da shi a yau ba masoyinka ba ne. Abin da nake cewa, a ɗauki darasinsa tun XSLT yana da sauran numfashi, kuma shi a wajen burauza da ƙarfinsa yake.

34/
Mu Hausawa ma bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Wa bai taɓa buɗe tsohuwar takarda ya ga "}asa" a wurin ƙasa, "]aya" a wurin ɗaya ba? Kafin Unicode ya yaɗu, an riƙa buga haruffanmu masu lanƙwasa da font na musamman. Font ɗin ya ɓace, ma'anar ta bi shi. Ciwon ɗaya ne: rubutu ya rataya a wuyan kayan aikin da ba mai kula da shi.

35/
To me za a yi? Na ɗaya, in kana da shafin da ya dogara da XSLT a burauza, kada ka jira Nuwamba. Mayar da aikin juyawar can wurin sabar, ko ka yi shi tun lokacin gina shafin, ka miƙa wa mai karatu HTML gamamme. xsltproc da Saxon duk suna yi. Fayil ɗin fasalinka ba sai ka jefar ba.

36/
Na biyu, in kana riƙe da tsofaffin takardun SGML da DSSSL, yau tun manhajar tana tashi ka fitar da PDF da HTML ka adana. Sannan ka mayar da SGML ɗin XML, akwai osx a cikin OpenSP da aka yi don haka. Ka ajiye kayan aikin gaba ɗaya a kwantena ko kwamfutar gwaji, da takardar bayanin yadda ake tayar da su.

37/
Na uku, kafin ka zuba aikin shekaru a wani tsari, yi tambaya biyu: manhaja nawa ce ke iya karanta shi, kuma mutum nawa ke kula da kowacce? In amsar ɗaya da ɗaya ce, ka tuna lamba 11. Asalin rubutunka kuma ya zauna a tsurar haruffa, UTF-8, wanda ko Notepad zai buɗe.

38/
Na huɗu, ga masu kamfani, har da ƙananan namu. In kana cin riba da buɗaɗɗiyar manhaja, ka ware wani abu, kuɗi ko lokacin ma'aikaci. Ko rahoton kuskure mai kyau tare da gyaransa taimako ne. Wanda ke ɗebo maka ruwa kyauta, ranar da ya kwanta ciwo za ka san nisan rijiya.

39/
Na biyar, ga masu burauza. Ba a ce ku riƙe kowane tsohon kod har abada ba. An ce in za ku cire abin da kuka yi shekara ashirin kuna cewa ƙa'ida ce, ku ɗauki nauyin kada tsofaffin shafuka su mutu. Ku sa killataccen a ciki. Ku biya masu kula da abin da kuke jingine da shi.

40/
Su kuma ƙannena masu dariya suna cewa "XML ai kayan tsofaffi ne, mu Markdown da React muke yi", ina muku fatan alheri. A 1999 haka masu XML suka riƙa yi wa masu SGML dariya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

41/
Tambayar da zan bar muku: abin da ka rubuta bana, karatun digirinka, littafinka, takardun ofishinku, da me za a buɗe shi a 2050, kuma wa ke kula da wannan abin yanzu? In ba ka san amsa ba, yau ka je ka duba.

42/
Wanda ke da shafi ko tsohuwar takarda da wannan zai shafa, ya ajiye bayani a ƙasa, in na samu sarari a ƙarshen mako zan duba abin da zan iya. Wanda kuma yake ganin na zalunci Google, bismillah, kawo hujjarka, amma ka fara da amsa lamba 29. Mu kwana nan. Allah Ya sa mu dace.